Akwatin da Bai Kai Tsawon Janar Ba

Norbrook, Connecticut
9 ga Janairu, 1800

Zuwa ga Keziah, 'yar ƙanena Asahel,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Gideon da yara. Ni ma lafiya, in ban da gwiwar hagu da take kumbura duk lokacin da dusar ƙanƙara za ta sauka. Haƙori ɗaya ya ƙara fita, amma ba wanda nake tauna da shi ba ne. Matar Holcomb mai kanti ce take rubuta mini, kin san baffanki da alƙalami ba sa ga maciji.

Na san zuwa yanzu labari ya haura duwatsu ya iso ku cewa Janar Washington ya rasu a gonarsa. An riga an binne shi can Virginia. To amma majalisa ta sa ranar ashirin da biyu ga Fabrairu kowane gari ya yi makoki, kuma garuruwa sun ɗauki salon yin jana'iza da akwati babu kowa a ciki. Namu garin ma ya ce ba za a bar shi a baya ba. An yi taro a coci, aka kafa kwamiti, Holcomb ne shugaba.

Ya dube ni ya ce, "Zebulon, kai ne kafinta, kai ne tsohon soja. Kai za ka yi akwatin."

Na ce, "Ina mamacin in auna?"

Ya ce, "Ai ka gan shi a yaƙi."

Na ce, "Na gan shi daga nesa a kan doki. Ban sa masa igiyar awo ba."

Mutane suka yi dariya, Fasto Bushnell bai yi ba. Matar Holcomb ta ce in cire wannan daga wasiƙar, na ce ta rubuta yadda aka yi. Na dai karɓi aikin, sun kuma ba ni katakon ceri mai kyau.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ƙahon albarushin babanki, wanda ya sassaƙa sunansa a jiki, wanda na kawo wa mahaifiyarki da hannuna bayan yaƙi, na san yana wurinki. Ki aiko mini da shi, ya iso kafin ranar. Kada ki tambaye ni dalili. Kuma gara in faɗa miki tun yanzu, ba zai dawo hannunki ba.

Ki gaida Gideon. Ki ce na ce ya rage yawan gardama.

Baffanki,
Zebulon Tarbell

*

Mashigin Lathrop, Connecticut
19 ga Janairu, 1800

Keziah 'yata,

Ina sake gaishe ki, da fatan kowa lafiya. Gwiwa tana nan yadda take, na kuma ƙara mata aiki, don da ƙafa na zo nan mashigin kogi. Wannan rubutun na Primus Lathrop ne, mai kwalekwalen fito. Shi ne makaɗin gangarmu a yaƙi, ya shiga soja yana bawa ya fito da 'yancinsa, ya kuma koyi karatu a sansani lokacin da ni nake koyon caca.

Da na gaya masa abin da na sa aka rubuta miki, ya ajiye lofen tabarsa ya ce, "Zeb, tun kana saurayi ba ka da wayo, tsufa bai ƙara maka ba. Wace mace ce za ta aiko da abin ubanta a kan irin wannan magana?" Na ce matar shugaban kwamiti ce take riƙe da alƙalami, me zan ce a gabanta? Ya ce to zauna, faɗi a nan.

Ga shi nan kuwa. Ba wanda ya taɓa gaya miki yadda aka binne babanki, don ranar da na kawo ƙahon mahaifiyarki ta karɓa ta rufe ƙofa, ba ta sake buɗe mini ba har ta bar duniya.

A sansanin sanyi ne, inda rundunarmu ta yi hunturu lokacin yaƙi, kina ƙarama kina koyon tafiya. Bargo ɗaya muke da shi ni da Asahel, muka raba shi biyu da wuƙa. Zazzaɓin sansani ya kama shi, ya yi kwanaki yana kiran sunan shanun gidanmu, sannan ya tafi. A lokacin mutane suna mutuwa da yawa, hafsoshi suka ce ba ganga, ba harbin ban kwana, ba kafa itace a kan kabari, don kada 'yan leƙen asirin Ingila su ƙirga matattunmu su san mun ragu. Katako kuwa duk na hura wuta ne. Muka naɗe shi a rabin bargonsa, ƙafafunsa a waje, muka sa shi a rami ɗaya da wasu mutum da ban san sunansu ba. Aka baje ƙasa, aka kora keken shanu a kai. Ba wanda ya yi addu'a da ƙarfi. Bayan yaƙi na koma neman wurin, na tarar da gonar alkama. Mai gonar Bajamushe ne, ya ba ni madara, bai gane abin da nake nema ba.

To yanzu ki duba. Sama da shekara ashirin ina da gawa babu akwati. Yau garinmu ya ba ni akwati babu gawa. Za a yi ganga, za a yi harbi, Fasto zai yi addu'a, duk garin da aka haifi Asahel zai bi a baya da hula a hannu. Niyyata in sa ƙahon a ƙarƙashin ƙyallen ciki kafin in buga murfi. Ba wanda zai buɗe. Ina da rabin bargona har yanzu, amma wannan nawa ne. Jana'iza tana son suna, sunansa kuwa a ƙahon nan kaɗai yake da hannunsa.

Awo ma na samu. A jikin katakon ƙofar tsohon gidanmu akwai tsagar da babanmu yake yi mana da wuƙa muna girma. Na je na sa igiya a ta Asahel ta ƙarshe. Da ita na yanka katakon.

Primus ya ce, "Janar dogo ne, Zeb, kowa ya sani. Asahel kuwa ko kafaɗarka bai kai ba."

Na ce, "A kwance kowa yana raguwa."

Ya ce, "Wannan sata ce fa."

Na ce, "Me na sata?"

Ya ce, "Jana'izar wani."

Na ce an yi masa a Virginia, an yi a Philadelphia, za a yi a Boston da kowane ƙauye mai ƙararrawa, guda ɗaya ba za ta rage shi ba. Kada ki ɗauka na raina Janar. Na bi shi muka haye kogi cikin ƙanƙara ranar Kirsimeti, kuma mutumin da soja ke hannunsa ya ajiye ya koma gona, aka ba shi ƙasa ya sake ajiyewa ya koma gona, ba ni zan raina shi ba. Na ce wa Primus an ce har 'yancin bayinsa ya rubuta a wasiyya. Primus ya ce ya ji, ya ci gaba da fiƙe alƙalaminsa.

Kin ji dalilin. Ƙahon naki ne, ban ce ba naki ba ne. Amma ki aiko.

Baffanki,
Zebulon

Ni Primus na ƙara da hannuna: yarinya, duk abin da ya faɗa haka aka yi, ina wurin. Gangata tana rataye a wuyana, aka hana ni taɓa ta.

*

Sawyer's Fork, Pennsylvania
30 ga Janairu, 1800

Baffa,

Gaisuwa da girmamawa. Na ji daɗi da kake lafiya, Allah ya sauwaƙe gwiwar. Ka riƙa ɗaura mata ƙyallen ulu da ɗumi. Mu nan jaririyar ta yi tari mai tsanani, yanzu da sauƙi. Asa ya fara taya babansa jan itace. Dusar ƙanƙara ta rufe hanyar dutse, mai dokin wasiƙa ya ce bai san ranar da zai sake hawowa ba, shi ya sa nake sauri.

Saƙonka ya iso, na sa Gideon ya karanta bayan na karanta, don in tabbata ba ni ce na ji ba daidai ba. Labarin rasuwar mun ji. A nan ba kowa ne zai sa baƙin ƙyalle ba. Gideon ya ce shugaban da ya turo mana soja har ƙofar gida saboda harajin barasa, ya ishe shi ya ce Allah ya jiƙansa. Na isar masa da saƙonka na rage gardama, ya ce in tambaye ka a gidan su wa ya auro ta.

Baffa, abin da ka nema ba zan iya ba.

Ban san fuskar babana ba. Abin da na sani shi ne ƙahon nan. A jikinsa na koyi haruffan farko, Inna tana riƙe da yatsana tana bi da shi kan sunan. Akwai ɗan gida da ya zana a gefe mai taga biyu, ina yarinya nakan ce can yake zaune. Da muka taso zuwa nan na bar tukwane da kujerar Inna saboda nauyi, ƙahon kuwa a wuyana ya haura duwatsu. Yanzu Asa, mai sunansa, yana rataya shi yana zagaya gida.

Na gane inda aka dosa. Za a yi jerin gwano, ana son kayan yaƙi na gaske a nuna wa jama'a, daga nan kuma ya zauna a bangon wani. Inna ta sha gaya mini kai ka ja shi zuwa soja, kuma da takalmansa a ƙafarka ka dawo. Ban taɓa riƙe ka da wannan ba. Amma ka ci takalmi, yanzu kuma ƙaho? Ko inda yake kwance ba ka taɓa iya nuna mana ba. Mutumin ya riga ya tafi, a bar shi ya huta, a bar mana ɗan abin da ya rage.

Kada ka yi fushi da ni. Ko ka yi, ba zan fasa ba, ai gida ɗaya muka fito.

'Yarka,
Keziah McCrae

*

Mashigin Lathrop
24 ga Fabrairu, 1800

Keziah,

Ina gaisuwa. Na ji jaririya ta samu sauƙi, madalla. Ni ina nan.

Amsarki ta iso ana saura kwana kaɗan. Primus ya karanta mini, na sa ya sake. Na buɗe miki abin da ban taɓa buɗe wa kowa ba, na ce miki babu kabarin, na ce miki alkama ce a wurin, kika juyo kika ce ban iya nuna muku inda yake kwance ba. Primus ya ce wataƙila ta biyun ba ta same ki ba. Na ce ka yi shiru ka rubuta, yarinyar ta ce saƙona ya iso, ta kuma ce a bar shi ya huta, me ya rage?

Maganar takalmi. E, na cire na sa. Nawa sun riga sun zama tsumma. Mun yi wannan maganar ni da shi tun yana iya magana, ya ce in ya riga ni in ɗauka, in na riga shi zai ɗauki nawa ko da sun yi masa yawa. Ba na jin kunyar wannan, kuma ba zan fara ji yanzu don in faranta miki ba. Soja kuwa shi ya riga ni sa hannu, ni na bi shi don gajere ne mai zafin kai.

Tunda ba za ki zo ba, ga yadda aka yi. Na buga murfi a kan iska. Mu shida muka ɗauka, akwatin ba nauyi ko kaɗan, Holcomb yana ta raɗa mana mu rage sauri, mu sunkuya kamar da nauyi. A gabanmu ana jan farin dokin likita ba kowa a kai, an sa takalma a likkafa suna kallon baya. 'Yan mata sanye da farare, maza da baƙin ƙyalle a hannu. Primus yana gaba da ganga an lulluɓe ta da baƙin zane. Ya kaɗa yadda ya kamata, ban taɓa jin hannunsa ya yi kyau haka ba.

Da muka zo daidai rijiyar gari, tsohuwa Thankful Ames, wadda ba ta ji sosai shi ya sa take magana da ƙarfi, ta ce, "Wai dama Janar ɗin gajere ne haka?"

Wani ya ce mata, "Gwaggo, ba ya ciki."

Ta ce, "To in ba ya ciki, wa muke bi?"

Holcomb ya juyo ya harare ni, na dubi gabana.

Fasto ya yi wa'azi mai tsawo har ƙafafuna suka mutu. Ya bi rayuwar Janar tun yana saurayi mai awon filaye, da yaƙin Faransawa, da namu, da shekarunsa a kan mulki. Ya ambaci sansanin sanyi, ya ce jarumai sun jure. Bai kira sunan kowa ba. Mutum tara garin nan ya bayar ba su dawo ba, na iya jera su ko a barci.

Daga nan muka kai akwatin ƙofar maƙabarta, aka yi harbi sau uku. Tun da safe na lura ba a hura wuta a kan ƙasar da sanyi ya daskarar don ta saki a haƙa kabari ba, ya kamata in gane. Ana gama harbi Holcomb ya ce, "To, a kai shi rumfar bayan coci."

Na ce, "Ba za a binne ba?"

Ya ce, "A binne katakon ceri a banza? Kwamiti ya ce a ajiye, in wani marar galihu ya mutu a sa shi."

Don haka ki kwantar da hankalinki, ba ki yi asarar komai ba. Da kin aiko ma, da yanzu babanki yana rumfa tsakanin karyayyun bencina. Akwatinsa dai yana can, kaji suna hawa.

Ki riƙe ƙahonki. Ba zan sake damun ki ba.

Zebulon Tarbell

*

Sawyer's Fork
6 ga Maris, 1800

Baffana,

Ina gaishe ka, ina fatan sanyin bai taɓa ka da yawa ba. Mu duk lafiya.

Jiya hanya ta buɗe. Mai dokin wasiƙa ya zo da jakar da ta kwana a wani masauki ƙasan dutse tun watan Janairu, a ciki akwai wasiƙarka ta hannun Primus Lathrop. Sai jiya na gan ta. Lokacin da na rubuta maka wancan, ta matar mai kanti kaɗai na karanta. Ban san ko kana gane abin da nake faɗa ba: duk abin da na ce, ban san komai ba na ce shi.

A tsaye na karanta ta bakin murhu, abincin ya ƙone. Gideon ya shigo zai yi magana, ya ga fuskata, ya karɓi takardar. Da ya gama ya ce, "Tsohon nan naku, ya auna ƙofa?" Na ce haka ya ce. Ya fita ya kama saran itacen da ba mu buƙata.

Inna ba ta taɓa sanin ƙafafunsa a waje suke ba. Gara da ba ta sani ba.

Na san ranar ta wuce. Na lissafa, ko da tsuntsu zan ba wa ba zai kai ba. Ban san abin da ka yi ranar ba, ban kuma san me ka ɗauke ni ba da amsata ta same ka. Duk da haka ga ƙahon. Ƙanen Gideon zai gangara da fatu zuwa Philadelphia, daga can zai ba jirgin ruwan da ke zuwa wajenku, wannan takardar tana naɗe tare da shi. Na zauna da Asa na gaya masa. Ya ce, "Kakan nawa ba shi da gida ne?" Na ce ba shi da shi. Ya cire daga wuyansa da kansa, amma ya yi kuka daga baya a bayan rumbu, yana tsammanin ban gani ba.

Kafin in naɗe shi na shafa gawayi a jikinsa na danna takarda, sunan da ɗan gidan sun fito. Wannan ya ishe ni.

In an riga an binne akwatin, ka tona gefensa ka sa. In ba zai yiwu ba, ka yi yadda ka ga ya dace, kai ka san shi, ni ban san shi ba. Abu ɗaya nake roƙo: duk inda ka sa shi, ka gaya mini wurin dalla-dalla, yadda in Allah ya kai ni ko ya kai Asa ba sai mun tambayi kowa ba.

Maganar takalmi, ka yafe mini. Ka gaida Primus, ka ce 'yar Asahel ta gode.

'Yarka,
Keziah

*

Mashigin Lathrop
20 ga Afrilu, 1800

Keziah 'yata,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Gideon da Asa da jaririya. Gwiwa ta yi sauƙi da sanyi ya ja baya. Na bi maganarki ta ƙyallen ulu, ba don na yarda ba, don dai ulun yana nan.

Ƙahon ya iso lafiya. Akwai wata wasiƙa tawa ta ƙarshen Fabrairu, na san ta same ki. Ki sa ta a murhu. Primus ya ce in ce miki shi ya faɗa mini tun farko ban ji ba. Na ce ba zan ce ba, ga shi ina gani yana rubutawa.

Da na riƙe ƙahon na ga ɓoye-ɓoye ya ƙare. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci na tsaya a bakin ƙofa da shi a hannu, na gaya wa Fasto da Holcomb komai, mutane suna ji.

Holcomb ya yi ja har kunne. Ya ce, "Wato garin nan gaba ɗaya ka sa muka bi awon ƙanenka? Ka yi wa kwamiti zamba, Zebulon. Akwatin shugaban ƙasa ne, ba za a sa ƙahon saniya a ciki ba."

Na ce, "Jiya na leƙa, kaza ta yi ƙwai a kansa. Ita ta nemi izinin kwamiti?"

Sai matarsa ta matso, ita da ta rubuta mini ta farko. Ta ce, "Tun ranar da ya ce ƙahon ba zai dawo hannun yarinyar ba na san da wani abu. Elias, ba shi akwatinsa. Wa kake ajiye wa? Duk garin nan ba mai shiga sai an naɗe shi, kai kuwa ko an naɗe ka murfin ba zai rufu ba."

Tsohuwa Thankful tana ta tambaya me ake cewa. Da aka faɗa mata a kunne ta ce, "Asahel Tarbell? Ɗan gajeren nan mai rawa? Ai na ce muku akwai wanda muke bi."

Saura Fasto. Ya ce, "Malam Tarbell, ban taɓa yin addu'ar mamaci a kan ƙaho ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kwanan nan ka yi ta a kan iska, kuma ta yi kyau."

Ya dube ni ya daɗe. Na ɗauka na ɓata komai da bakina kamar kullum. Sai ya ce, "Ranar Alhamis, in ƙasa ta saki. Kuma ka kawo mini sunayen sauran takwas ɗin."

Ƙasa ta saki. Ni na haƙa, 'ya'yan Ames suka taya ni da na gaji. Na buɗe murfin, na naɗe ƙahon a rabin bargona don kada ya riƙa gangarawa a ciki, na mayar na buga ƙusa. Ba farin doki, ba 'yan mata masu farare. Mutanen da suka zo ba su kai rabin na wancan karon ba, amma ba wanda aka ce masa ya sunkuya. Holcomb ya zo a makare, ya tsaya baya, daga baya na ga ya kama gefe ɗaya na igiya da za a saukar. Fasto ya kira sunan babanki cikakke, ya kira na sauran. Tsofaffi uku muka yi harbi, bindigar ɗaya ta ƙi tashi sai a karo na biyu. Primus ya cire baƙin zanen daga gangarsa. Na ce ba haka ake yi ba. Ya ce, "An hana ni sau ɗaya, Zeb. Yau sai an ji ni a hayin kogi." Aka kuwa ji shi.

Tare da wannan takarda akwai ƙahona, na Asa ne. Ya fi na kakansa girma, kuma babu komai a jikinsa don ni ban iya sassaƙa suna ba. Yaron ya sa nasa.

Kin ce in gaya miki wurin. In kin shigo Norbrook ta hanyar kogi, ki wuce coci, ki shiga maƙabarta ta ƙaramar ƙofa, ba babbar ba. Ki bi katangar dutse ta hannun hagu har ki kai tsohuwar bishiyar tuffa. Kakarki tana gindinta. Babanki yana damanta, kansa wajen katanga. Na kafa katako da sunansa, Primus ya zana ni na sassaƙa, kafin kaka za a sa dutse. Filin da ke gefensa kuwa ba kowa tukuna, kada ki yi mamakin tsawonsa, na riga na auna kaina.

Baffanki,
Zebulon Tarbell